Kwana Arba'in da Na Hana Inna Hatsi

Mutum na farko da ya tare mu a ƙasar Tunisiya ɗan duwan ne, wato ma'aikacin kwastan, kuma ba mu ne damuwarsa ba, ƙaramin buhunmu ne. Ya kwance bakinsa, ya zura yatsa, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Na yi masa bayani da Faransanci cewa abinci ne, hatsi ne aka daka da dabino da cuku, a wurinmu tukuɗi ake ce masa, ruwa kawai ake zubawa a dama a sha. Ya dubi Inna, mahaifiyata, a kan keken marasa lafiya, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ita kuwa ta miƙa hannu ta dafe buhun.

"Kada ki bari ya ɗanɗana," in ji ta. Da ƙyar maganar ke fita, don harshen ya riga ya fara cika mata baki. "In ya ji daɗin, mun rasa."

Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga hannun. Ya ɗaure buhun da kansa ya ɗora mata a cinya.

Sunana Zuwaira, ina koyarwa a lakwal ɗin Gangara, makarantar yara, cikin Damargu. Duk gidanmu ni kaɗai na yi boko mai nisa, shi ya sa har uwar da ta haife ni Madam take ce mini in tana son tsokana. Shekara guda muka yi muna yawo da ita. Daga Tanut aka tura mu Damagaram, daga Damagaram aka ce Yamai. Wannan ya ce ƙoda ce, wancan ya ce zuciya. Fitsarinta sai kumfa, gefen harshenta duk shatin haƙora, zagayen idonta ya yi baƙi kamar wadda aka mara. A gida an ce sammu ne, an ce baki ne, an sha rubutu har an gaji. Da wani likita a Yamai ya ce sai dai waje, yayana Isuhu da ke sana'a a Agadas ya ɗauki nauyin tafiyar, ni kuma aka ce in raka ta tunda ni ce mai jin yaren asibiti. Ƙanwar Inna ta kwana biyu tana daka mata tukuɗin nan. Inna ba ta dawo daga tafiyar ba, na faɗa tun yanzu don kada kowa ya sa rai.

A bakin ƙofar filin jirgi Mutari ke jiranmu. Ɗan ƙasarmu ne, dillalin marasa lafiya, wani abokin Yaya Isuhu ya haɗa mu da shi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna da Hausa tas, ya ce, "Inna, kin zo gida, ki ɗauka ɗanki ne a nan." Tun muna Yamai ya rantse mana a waya cewa ɗakin da ya kama mana a ƙasa yake, kuma da ƙafa ma ana zuwa kilinik.

Ɗakin a hawa na huɗu yake. Akwai asansar, na'urar nan mai hawa da mutane bene, amma takardar da aka manna mata ta lalacewa har ta yi ja don tsufa. Mutari ya dafe kai, ya yi salati, ya ce mai gidan ya cuce shi, mu yi haƙurin kwana biyu zai sauya mana. Shi da mai taksi suka ɗauki Inna a kan kujerar roba suka hau da ita. Daga ranar ban ƙara ganin ƙeyarsa ba. In na kira, wata mata ce ke amsawa da Larabci daga cikin waya, ko ba a fassara mini ba na san abin da take faɗa. Allah ya isa ban yi masa ba, don Inna ta hana, amma na daɗe ina shirya maganar da zan gaya masa in mun haɗu.

Matakala sittin da takwas ce, na ƙirga ta har na haddace. Duk ranar asibiti sai mun sauka mun hau, Inna na rataye a kafaɗata, kowane hawa mu tsaya ta nemo numfashi. A hawa na uku akwai wata tsohuwa Balarabiya mai leƙo mu ta ƙofa. Rana ta farko kallo kawai ta yi. Ta biyu ma haka, har na ce a raina ga 'yar sa ido. Rana ta uku muka tarar da kujera a bakin ƙofarta, da kofin ruwa a kai. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Halti Zuhura." Daga baya na gane halti a wurinsu kamar iya ce a wurinmu. Ba ta jin Faransanci sosai, Inna ba ta jin Larabci in ba na sallah ba, amma sai su zauna su yi ta nuna wa juna gwiwa da ƙugu suna girgiza kai.

Garin kuwa bai karɓe mu ba. Yara na bina a hanya suna cewa kahlusha, wato baƙa. A kanti in na miƙa hannu sai a ajiye mini abu a kan tebur, kada fata ta taɓa fata. Abin da ya fi damun Inna daban ne. Ran nan da safe ta daɗe tana saurare ta taga, ta ce, "Madam, wai garin nan ba a daka ne?" Babu turmi, babu kukan jaki, babu mai sallama. Duk safiya nakan dama mata tukuɗi ruwa-ruwa in riƙa ba ta a cokali. Shi kaɗai ne abin da ke wuce harshen nan ba da faɗa ba, kuma in ta sha takan yi hira har ta yi mini tsiya a kan rashin iya damu.

Kwana goma ana analiz, wato gwaje-gwaje. An yanki ɗan nama a cikin leɓenta, an tsotsi kitse a cikinta da allura, an huda ƙashin ƙugu an ɗebi ɓargo. Ranar sakamako babban likitan, wani dattijo mai furfura, ya tambaye ni yadda ciwon ya faro. Na zuba masa bayani tiryan-tiryan. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, Faransancinki ya fi nawa." Wannan yabon shi ya kashe ni.

Ya ce sun gano ciwon, sunansa amiloz. Ya yi magana mai tsawo, da sauri, da kalmomin da ban taɓa ji ba, ya ce abin ya taru a zuciya da ƙoda da harshe. Ya ce za a riƙa yi mata allura duk mako, kuma akwai rejim, wato dokar abinci: a bar gishiri, a rage ruwa. Sannan ya ce, "Kin gane? Akwai tambaya?" Mutumin da ya gama cewa na fi shi Faransanci, ta ina zan buɗe baki in ce ban san kalmar ba? Na ce na gane sarai.

A cikin taksi na buɗe ƙamus ɗin wayata na rubuta kalmar. Ga abin da ya fito a sama: amiloz wani sashe ne na amidon, ana samunsa a hatsi da shinkafa da alkama da rogo. Amidon kuwa na san shi, sitaci ne, farin nan da ke kwantawa a ƙasan gasara. Da na ja yatsana ƙasa kaɗan, da na ga kalmar tana da ma'ana ta biyu, sunan wata cuta da babu ruwanta da hatsi. Ban ja ba. Abin da na gani ya zauna mini daram. Mace ta fi shekara sittin tana shan fura safe da rana, tuwo da yamma, to ina farin zai je? Ya kwanta mata a jiki kamar yadda yake kwanciya a ƙwarya. Har daɗi na ji, wai na fahimci abin da likitocin ƙasarmu suka kasa.

Na kira Yaya Isuhu na ce masa hatsi ne ke kashe Inna. Ya ce, "Hatsi kuma, Zuwaira? Duk Damargu me ake ci?" Na ce jiki da jiki akwai bambanci. Ya ce, "To, ke kika yi karatu."

Washegari da safe Inna ta ga na shigo da dafaffen ƙwai da ruwan zafi.

"Ina tukuɗina?"

"Inna, lokotoro ya hana."

"Gishiri na ji kin ce ya hana."

"Da hatsi. Da shinkafa, da burodi, da duk wani abu mai gari. Shi ne ya taru miki a harshe."

Ta ce, "Da shi aka yaye ni. Da shi na yaye ki."

"Shi ya sa ya yi yawa."

Na ɗauki buhun na ɗora a saman kabad ɗin kicin, inda ko da lafiyarta sai ta taka kujera. Daga ranar abincinta ya koma ƙwai, da kabeji, da romon kaza marar gishiri, da kifin teku. Matar da ta girma inda ruwa sai an zura guga gaba ashirin, ita nake tura wa kifi. Ƙarninsa kaɗai na sa ta amai. Nama ba ya taunuwa da harshen nan, ganye na maƙale mata. Takan yi cokali uku ta kau da kai. Ni kuwa in tsaya a kanta kamar ina gaban 'yan aji, ina cewa daure, Inna, saura biyu.

Halti Zuhura ta lura Inna na zubewa. Wata Juma'a ta hawo da kanta, tana haki, da kwanon wani abu mai laushi kamar tuwon ruwa, an zuba masa zuma da mai. Inna ta miƙa hannu. Na riga ta. Na mayar wa tsohuwar kwanonta ina girgiza yatsa, na haɗa da 'yar kalmar Larabcin da na tsinta a asibiti, mamnu'u, an hana. Ta dubi kwanon, ta dubi Inna, ta sauka. Kujerar dai ba ta ɗauke ba.

Duk mako ana ɗora Inna a sikeli, duk mako ta ragu. Likitan ya tambaye ni, "Tana cin abinci?" Na ce tana bin rejim yadda ya kamata. Ya ce ciwon da allurar duk suna cin jiki, in yi ƙoƙari ta ci ko mene ne. Ni a kunnena ko mene ne yana nufin ko mene ne cikin abin da aka halatta. Ya rubuta mata wasu 'yan kwalabe na madara mai kauri, na masu rama. Na sayo, na juya bayan kwalbar na karanta abin da aka haɗa, sai ga amidon a rubuce. Na ce ka ji sakaci, ko likita bai duba ba. Na jera su a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ba a wuyana kaɗai ya tsaya ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba.

Wata rana bayan azahar na dawo daga farmasi, wani saurayi a kan babur ya tofa mini miyau a zane. Na hau matakalar nan ina kuka. Inna na barci. Na shiga kicin na taka kujera na sauko da buhun, da niyyar in shinshina kawai. Ƙamshin cuku da dabino da hayaƙin gidanmu ya buge ni. Ban san lokacin da na dama rabin kofi ba. A tsaye na shanye, bayana jingine da ƙofa, na wanke kofin na kurkure baki. Na ce daga yau ba zan ƙara ba. Washegari na ƙara.

A rana ta biyar ko ta shida na je gyara mata matashi, ta kama gefen mayafina ta jawo ni kusa. Ta ja numfashi ta hanci.

"Cuku," ta ce.

Na ce wari ne ya kama hannuna da nake gyaran kabad. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta sake ni.

"Ko ludayi ɗaya, Zuwai. Ba zan gaya wa lokotoro ba."

Kunya ce ta kama ni, sai ta fito mini a faɗa. Na ce, "So kike ki mutu? Mun baro ƙasa, Yaya ya zuba duk abin da yake da shi, ke kuma a kan ludayin tukuɗi za ki ɓata komai?" Ni na ɗaga wa uwata murya haka. Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ƙara roƙona ba, kuma daga ranar ba ta ƙara ce mini Madam ba.

Ban daina sha ba. Na ma samo wa kaina hujja, na ce in ya ƙare hankalinta zai kwanta, nawa ma haka. Cikin mako uku na ga ƙasan buhun. Na juye shi na kakkaɓe a tafin hannu na lashe.

Kwana arba'in cif da hana ta, muna saukowa za mu asibiti, ƙafafunta suka saki a tsakanin hawa na uku da na biyu. Halti Zuhura ce ta fito ta yi ta buga ƙofofi har aka sami maza biyu suka ɗauke ta. Ba su sha wuya ba, don a lokacin ko ni kaɗai ina iya ɗaga ta. A asibiti aka ba ta gado.

Da rana aka kawo mata abinci a faranti: kunun shinkafa da madara, da dankalin da aka dame, da burodi mai laushi. Na tashi kamar an tsikare ni. Na bi ma'aikaciyar da ta kawo shi har baranda da farantin a hannu, ina zazzaga mata Faransancin nan nawa da aka yaba. Na ce wane irin asibiti ne wannan da za a ba mai amiloz amidon? Ta tsaya tana kallona baki buɗe. Ta ce in jira, ta tafi ta dawo da wata likita, matashiya, siririya, ana ce mata Dokta Salma.

Dokta Salma ta ce in maimaita abin da na ce. Na maimaita, har da ƙari. Ta ce, "Tun yaushe rabonta da abinci mai gari?" Na faɗa mata, da alfaharina. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta karɓi farantin ta miƙa wa ma'aikaciyar, ta ce mini, "Zo mu je."

Ta kai ni wani ɗaki a ƙasa inda ake duba nama da madubin likita. Ta nemo ɗan gilashin da aka shafa naman leɓen Inna a kai, ta ce in sa ido. Na ga wasu gurare ja-ja. Ta murɗa wani abu, sai jan ya koma kore shar, yana ƙyalli.

"Wannan shi ne ciwon mamanki," in ji ta. "Ba sitaci ba ne. Masanan da suka fara ganinsa tun da daɗewa sun zaci sitaci ne, suka sa masa suna a kan haka. Daga baya aka gane sun yi kuskure, amma sunan ya riga ya bi shi."

Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan ajin farko. Ta ce a cikin ɓargon Inna akwai wasu ƙwayoyi da suka ɓaci, suna ta ƙera wani furotin, irin sinadarin da ake gina jiki da shi. Furotin lafiyayye yana da yadda yake naɗewa. Wannan ya naɗe ba daidai ba, sai ya riƙa manne wa ɗan'uwansa, ɗaya bisa ɗaya, har su zama zare mai tauri da jiki ba ya iya narkarwa. Zaren ne ya cusu a naman zuciya ya sa ta sandare, shi ne a ƙoda, shi ne a harshe. Ta ce wani irinsa, daga wani furotin daban, shi ake samu a ƙwaƙwalwar tsofaffin da ke ruɗewa su manta 'ya'yansu.

Na ce, "To ai wannan guba ce."

Ta ce ba kullum ba. Ta ce jiki da kansa yana saƙa irin wannan zaren don amfaninsa, a inda ya ga dama kuma gwargwadon da yake so. Akwai sinadaran da ke kai saƙo a jini, a haka ake tara wasunsu a ajiye sai ranar bukata a warware. Ta kama hannuna ta juya bayansa ta ce, "Ko launin fatarki a kan irin wannan zaren ake shimfiɗa shi. Nawa ma haka, naki ya fi yawa ne kawai." Ta ce illar tana zuwa ne in an saƙa shi a inda ba a nema ba, kuma babu mai tsayar da shi. Amma ko a ina aka same shi, babu ruwansa da abin da mutum ya ci na hatsi ko shinkafa.

Na ce, "Ko kaɗan?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

Na nemi kujera na rasa, na zauna a ƙasa. Na tambaye ta abin da ke raina kai tsaye, na ce ni na kashe ta? Ta durƙusa kusa da ni. Ta ce ciwon ya riga ya kama zuciyar sosai tun kafin mu zo, da wuya ƙarshen ya sauya. Ta ce, "Amma ba zan ce miki yunwar ba ta ƙara mata rauni ba, don kin tambaye ni gaskiya." Na gode mata da ba ta lallashe ni da ƙarya ba. Ta ce duk abin da ran Inna ke so a ba ta yanzu, in zai haɗiyu, sai dai maƙogwaron ya yi rauni ƙwarai, gobe ma za su sa mata tiyon abinci ta hanci.

Abin da ranta ke so na san shi, kuma na san inda ya tafi.

Na fita neman gero a birnin da ba a daka. Na shiga manyan kantuna, na shiga kasuwar tsohon gari, na nuna hoto a waya. Wannan ya miƙo mini kuskus, wancan garin dawa a leda, wani ya ce bai taɓa gani ba. Na yi ta yawo ban samu ba. Da la'asar na hau hawa na uku na buga ƙofar Halti Zuhura. Ban san yadda ake neman gafara da Larabcinsu ba, sai na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka. Ta ɗaga ni, ta zaunar da ni a kujerar Inna. Na nuna mata hoton. Ta kai wayar kusa da ido, ta yi 'yar dariya, ta shiga ta ɗauko mayafi.

Ta riƙe hannuna kamar makauniya, muka bi lungu biyu, sai ga mu a shagon mai sayar da tsuntsayen keji. Kanari da aku sun cika wurin da kuka. A gefe ga buhuna a buɗe, ga gero a ciki, ƙanana, rawaya-rawaya, ba irin namu ba, amma gero ne. Mai shagon ya ɗauki ma'auni ya tambaye ni da Faransanci, tsuntsaye nawa gare ni? Na ce ɗaya.

Da sassafe muka fara, ni da Halti. Turminta na tagulla ne, na dakan yaji, bai fi cin tafi biyu ba. Na wanke geron, na surfa kaɗan-kaɗan, na bushe dusar a faranti a bakin taga, na sake dakawa da dabino. In hannuna ya gaji ta karɓa. Cuku babu, sai muka sa nonon kanti mai ɗan tsami. Wani maƙwabci ya buga bango saboda ƙara, Halti ta mayar masa da magana mai tsawo, bai ƙara ba. Sai kusan azahar muka sami abin da ya cika ƙaramin kwano. Na tace shi sau biyu da mayafi mai tsabta.

Na tarar an riga an sa wa Inna tiyon. An ɗaga mata kan gado, bakinta a buɗe don harshen ya hana shi rufuwa. Na zauna na ɗora kwanon a cinyata ban buɗe ba. Na gaya mata duka. Na ce lokotoro bai taɓa hana ta hatsi ba, ni ce na karanta rabin magana na ji kunyar tambaya. Na ce madarar da aka rubuta mata tana nan a ɓoye. Na ce tukuɗinta ni na shanye shi, a tsaye, a bayan ƙofa, tana kwance tana jin yunwa. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ba ta nuna ta ji ba. Idonta na kan kwanon.

Na buɗe. Ta ja ƙamshin ta hancin da babu tiyo. Na ɗebo a bakin cokali na ɗora mata a harshe. Ta rufe ido, ta yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe. Abin ya tsaya inda na sa shi, sannan ya gangaro ta gefen baki. Na goge na sake. A na biyun ta sarƙe, ta yi ta tari har fuskarta ta sauya, ma'aikaciya ta shigo da gudu ta zuƙe mata da na'ura. Ta ce mini a hankali kada in ƙara, zai tafi huhu.

Da numfashinta ya dawo, Inna ta motsa yatsu. Na gane kwanon take so. Na ɗora mata a ƙirji na tallafe. Ta tsoma yatsa ta murza tsakanin yatsu biyu, kamar yadda take yi wa 'yan matan gidanmu in sun kawo mata gari ta duba. Ta yi magana, sai da na kai kunne bakinta.

"Bai ji surfe ba."

Na yi dariya, kukan ya biyo ta. Sai ta turo kwanon wajena da bayan hannu.

"Sha."

Na ce, "Inna, ba zan iya ba."

"Sha nan," ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, kowace sai ta huta. "Ba a ɓoye ba. In gani."

Na ɗaga kwanon da hannu biyu na kafa kai. Ba fuskata take kallo ba, wuyana take kallo. Duk haɗiyar da na yi sai in ga nata maƙogwaron ya motsa, babu komai a ciki. Ba ta ɗauke ido ba sai da na kai ƙasan kwanon.